Lambar Babur da Iyakar Jiha: Tarihin Rajistar Babura a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa ƙaramin abu ne a ido, watau ɗan fallen ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bayan babur, wanda kowa ya sani da sunan lamba. Girmansa bai fi tafin hannu biyu ba, amma duk wanda ya tsaya ya karanta shi da kyau zai ga hukumomi uku zaune a kansa. Daga ƙasa akwai sunan Tarayyar Nijeriya, daga sama akwai sunan jiha da kirarinta, a tsakiya kuma akwai haruffa uku na ƙaramar hukuma, GRZ idan ta Gwarzo ce, KBK idan ta Kabo ce. Mai kallo sai ya ɗauka cewa tun da fasalin lambar ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba, to dokar hawan babur ma ɗaya ce. Ba haka abin yake ba. Lamba ta zama iri ɗaya tun 1992, amma izinin hawa kullum ƙara rarrabuwa yake yi, kuma yadda aka yi hakan ta faru shi ne abin da ake so a bi diddiginsa a nan.

An zaɓi ƙasar Gwarzo da Kabo ne saboda wurin da Allah ya ajiye su. Wanda ya fita daga birnin Kano ta Kabuga ya miƙi hanyar yamma, zai wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, sa'an nan ya isa Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70. In ya ƙara gaba kaɗan sai ga shi a Dayi ta ƙasar Malumfashi, ya shiga Jihar Katsina ke nan, ba tare da harshe ko tufafi ko irin shukar gona sun sake ba. Mutanen ɓangarorin biyu suna cin kasuwannin juna, suna auratayya, suna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. Saboda haka mai babur a wannan yanki yana zaune ne tsakanin dokoki uku: ta garinsu, da ta birnin Kano a gabas, da ta Katsina a yamma, ga shi kuwa duka ukun yana iya taka su a yini guda.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a ɗan dubi kalmomin, gama su ma shaidu ne. Kalmar babur akwai alamar cewa daga Larabcin Masar da Sudan da Afirka ta Arewa ta zo, inda ake kiran injin tururi da jirgin ruwa da wannan suna. Amma lamba da lasin da rajista da kwastan da inshora, duk daga Ingilishi aka aro su. Ashe na'urar ta sami suna ta wata hanya, takardunta kuwa ta hanyar ofis suka shigo, kuma har yanzu a bakin talaka suna ɗauke da ƙamshin ofis.

Zamanin En'e

A zamanin Turawa abin hawan mutumin karkara, bayan jaki da doki, shi ne keke. Keken ma ba a bar shi haka ba, yana da tasa lamba, wadda ake yanka kowace shekara a hannun En'e, a maƙala ta a jikinsa, 'yan doka kuma su kama wanda ba shi da ita. Wannan kuɗi baitulmalin En'e yake shiga, kamar haraji da jangali, kuma ta hanyar da talaka ya sani ake karɓarsa, watau ta hannun mutanen hakimi da dagaci. Babur kuwa tun farko ba a sa shi cikin wannan layi ba. An lissafta shi cikin motoci, ya faɗa ƙarƙashin dokar zirga-zirgar motoci ta 1947, da dokar inshorar da ke biyan diyyar wanda aka buge, wadda aka yi a 1945 ta fara aiki a 1950. Ofishin yanka lasinsa yana babban gari, ba a gundumar hakimi ba. A lokacin wannan bai dami kowa ba, domin masu babur ƙalilan ne, galibinsu ma'aikatan gwamnati da na kamfanonin sayen gyaɗa, waɗanda dama birni ne wurin karɓar albashinsu.

Abin lura a nan shi ne, iyakar da ke tsakanin Gwarzo da Dayi a wancan zamani iyakar larduna ce, Lardin Kano da Lardin Katsina, kuma dukansu a ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa suke, mai hedkwata a Kaduna. Doka ɗaya, baitulmalin lasin ɗaya. Ran 27 ga watan Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12. Kano ta zama jiha mai zaman kanta a hannun Audu Bako, Katsina da Zazzau kuma suka zama Jihar Tsakiyar Arewa, wadda aka mayar da sunanta Jihar Kaduna a 1976. Daga ranar nan tsohuwar iyakar sarakuna ta zama iyakar kuɗin shiga, domin kuɗin lasin ababen hawa na cikin 'yan kuɗaɗen da kowace jiha take tarawa da hannunta ba sai ta jira rabon Tarayya ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987, mutumin Dayi da ya saba da lamba mai KD sai ya koma KT, maƙwabcinsa na Gwarzo yana nan da KN.

Shekarun arzikin man fetur su ne suka cika hanyar Gwarzo da ƙarar babur. A watan Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, sa'an nan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas. Malaman firamare, waɗanda shirin ba da ilmi kyauta na 1976 ya ƙara yawansu ƙwarai, da malaman gona da na asibiti da akawunan ƙananan hukumomi, kowa burinsa ya mallaki Honda ko Yamaha ko Suzuki, masu son ƙawa kuma su sayi Vespa. Gwarzo tana cikin ƙananan hukumomi 20 da aka yi wa Jihar Kano a gyaran 1976, Kabo kuwa daga baya ta sami tata.

A wannan zamani sayen babur da yanka masa lamba kusan abu ɗaya ne, kuma dalilin ba wai mutanen da sun fi na yanzu tsoron doka ba ne. Mai sayen ma'aikaci ne, sau da yawa da bashin gwamnati ya saya, wanda ake cirewa daga albashinsa wata-wata, kuma ba mai ba da bashi a kan abin da ba shi da takarda. Mai sayarwar kamfani ne sananne, kamar Boulos mai harhaɗa Suzuki, ko Yamaco na John Holt mai harhaɗa Yamaha, ko Honda da ta kafa masana'antarta a Ota a 1979. Kaya sun shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas, an biya kwastan, an ba da rasit mai ɗauke da lambar inji da lambar gangar jiki. Sarƙar takardu a haɗe take tun daga Japan har ƙofar makarantar firamare ta Getso ko ta Garo.

Tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da tsohon rabon nan na zamanin Turawa, na 1999 ma ya maimaita shi: ƙaramar hukuma ita ke da lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale, watau duk abin da ba inji ke jansa ba. Abin da ke da inji na jiha ne, kuɗin fiton shigo da shi kuwa na Tarayya ne. A shekarar nan ta 1979 kuma Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. An yi murna da wannan, kuma ya cancanci a yi, sai dai tare da harajin aka rufe littafin nan da dagaci da mai unguwa suke riƙe da shi, mai ɗauke da sunan kowane baligi na ƙauye. Hukumar da ta san mutane ba ta da iko a kan babur, hukumar da ke da iko a kan babur ba ta san mutane ba.

Yadda sarƙar ta tsinke

A 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Sai kasuwa ta koma ga babura na hannu, waɗanda aka hau a ƙasashen waje aka gaji. Waɗansu ta Legas suka shigo da takardunsu, waɗansu kuma suka bi tsohuwar hanyar fasa-ƙwauri, daga Kwatano zuwa ƙasar Nijar, su ɓullo ta wajen Maraɗi su tsallako ta barauniyar hanya. Babur ɗin da bai biya kwastan ba ba shi da takardar farko, wanda ba shi da takardar farko kuwa ofishin lasin ba shi da abin da zai dogara a kai, sai dai a bi ta bayan gida. A daidai wannan lokaci ne kuma sana'ar acaɓa ta kunno kai, wadda mutanen Nijar suke kira kabu-kabu, 'yan kudu kuma okada. Babur ya tashi daga abin ƙawar ma'aikaci ya zama jarin mai neman abinci, kuma da yawa daga masu yin acaɓa a birnin Kano 'yan cirani ne daga gundumomin karkara, waɗanda suke komawa gida da faɗuwar ruwan fari.

Gwamnatin Tarayya ta ga rikicewar da aka shiga, kowace jiha da irin lambarta da irin lasinta, mutum a ƙwace masa lasin a Kano ya je Kaduna ya yanki wani. A watan Fabrairu 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ita ce ta fito da lamba ta bai-ɗaya a 1992: farin fili, rubutu shuɗi ga abin hawan gida, ja ga na haya, kore ga na gwamnati. Aka yi rabon aiki. Hukumar ta buga lamba ta riƙe babban kundi, jiha ta sayar ta hannun hukumar tara kuɗin shigarta, in ban da Legas da ta kafa wurin buga tata. A 2011 aka sake fasalin, haruffan ƙaramar hukuma suka dawo farko maimakon ƙarshe, aka yi ta cece-kuce a kan tsadar sabuwar lambar, har magana ta kai gaban Babbar Kotun Tarayya a Legas a 2014.

Amma wanda ya fi sauya al'amari ba hukuma ba ce, ɗan kasuwa ne. Fatake, musamman na Nnewi, suka gano cewa in aka shigo da babur a wargaje, kwantena ɗaya za ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka, kuɗin fito kuma ya ragu. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai babura 'yan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo, ta kuwa sami karɓuwa a karkara saboda jure nauyi da rashin kyan hanya. A 'Yan Babura da ke Fagge yara makanikai suna fasa kwali su ɗaure babur cikin ɗan lokaci. Manomin Kabo ya sayar da amfanin gona da kaka, ya shigo birni da safe, da la'asar ya koma gida a kan sabon babur, ledarsa ma ba a ɓare ba. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 'yan siyasa su ma suka mai da rabon babura hanyar saka wa magoya baya.

A nan ya kamata a tsaya a tambaya, me ya sa wannan manomi sau da yawa ba ya yanka lamba? Amsar da ma'aikaci yakan bayar ita ce jahilci, amma wannan amsa ta yi sauƙi da yawa. Dokar tana neman abubuwa da dama: shaidar mallaka, da lambar kanta, da lasin abin hawa da ake sabuntawa shekara-shekara, da takardar lafiyar abin hawa, da inshora, da lasin tuƙi na rukunin babura. Kowannensu da kuɗinsa da layinsa, wani ma da ɗan tsakiyar da zai ci nasa. Shi kuwa manomi tafiyarsa daga gida zuwa gona ce, zuwa kasuwa, zuwa asibiti da mai naƙuda, a kan hanyoyin da jami'i ba ya bi. Bugu da ƙari yana da tasa hanyar tabbatar da mallaka, wadda ta girmi ofishin lasin. In zai sayar, dillali yana nan, shaidu suna nan, a rubuta takardar ciniki a haɗa da rasit na asali, a biya la'ada, a yi addu'a. Yadda ake cinikin sa ko jaki haka ake cinikin babur, ga shi kuma babur a wurinsa ajiya ce, abin da za a kaɗar in damina ta yi gardama ko aure ya taso. Wanda bai ga amfanin lamba ba sai a ranar da aka tare shi, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauke ta wani harajin ne ya dawo da sabon suna.

Duk da haka shi ne farkon wanda rashin lambar yake cuta. In an sace babur ɗin, ba kundin da za a duba. In an kama shi a wata jiha, takardar dillalin ƙauyensu ba ta da daraja a gaban jami'in da bai san dillalin ba. In kuma wani marar lamba ya buge ɗansa ya gudu, ba wanda za a bi. Haruffan nan uku ma ba su cika faɗin gaskiya ba, domin suna nuna inda aka yanki lambar ne, ba inda mai ita yake kwana ba, shi ya sa birnin Kano yake cike da ababen hawa masu lambar Abuja da Legas.

Lamba ta zama maganar tsaro

Dokokin da suka biyo baya ba a kan kuɗi suke ba, a kan wanda zai hau ne, da inda zai bi, da lokacin da zai bi. A 2005 Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda suka gaji sunan shirinta na A Daidaita Sahu. Ran 1 ga Janairu 2009 aka fara tilasta sa hular kwano a duk ƙasa, waɗansu 'yan acaɓan Kano suka kifa ƙwarya a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya, dokar kuma ta yi sanyi. Abin dariya ya ƙare da hare-haren 20 ga Janairu 2012, da kashe-kashen da 'yan bindiga suka riƙa yi a kan babura a cikin birni. Ran 19 ga Janairu 2013 aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah ya kuɓutar da shi, amma waɗansu daga cikin mutanensa suka rasu. Cikin 'yan kwanaki Gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a kan babur, aka kuma yi doka a shekarar wadda ta haramta ɗaukar fasinja a ƙananan hukumomin cikin birni da kewayensa.

Gwarzo da Kabo ba sa cikin wuraren da haramcin ya shafa. Ga sabuwar iyaka ke nan, ba tsakanin jiha da jiha ba, a cikin jiha ɗaya. Mutum ya goyo ɗan'uwansa marar lafiya daga Kabo yana kan halas, yana kusantar birni sai ya zama mai laifi, da lamba ko ba lamba. 'Yan ciranin da suka rasa aikin birni waɗansu suka koma tuƙin A Daidaita Sahu, waɗansu suka koma ƙauye, waɗansu suka loda baburansu a manyan motoci suka nufi kudu. Can ma dokoki suna jiransu. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, Legas ta hana shi bin ɗaruruwan hanyoyi a 2012, ta ƙara tsanantawa a 2020 da 2022 har ana murƙushe baburan da aka kama. A watan Agusta 2019 jami'an Legas suka tsare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, aka bincike su ba a same su da laifi ba, aka sake su. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa inda ya so, amma bai ce komai a kan abin da zai hau ya je ba.

Daga yamma kuma wata masifar ta taso, ta 'yan fashin daji masu zuwa ayari-ayari a kan babura, mutum biyu ko uku a kan kowanne. A watan Mayu 2019 Rundunar Soja ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Kano da Katsina. A shekarar ce kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa ranar 2 ga Oktoba ta zama ranar fara kama babura marasa lamba, abin da ke nuna cewa shekara 27 bayan fito da lambar bai-ɗaya kundin bai cika ba. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan umarnin da ya hana mutum uku hawa babur ɗaya a Jihar Katsina, ya hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanci, ya hana sayar da fetur a jarka, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Malumfashi. Bayan wata guda Kaduna ta hana hawan babur ɗungurungum na wata uku. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana shi a ƙasa baki ɗaya, amma ba a aiwatar ba.

Kowace daga cikin waɗannan gwamnatoci tana da hujjarta, kuma ba mai hankalin da zai raina jinin da aka zubar. Sai dai kowace ta yi dokarta ne kamar iyakarta katanga ce. In aka rufe kasuwar babura a Charanci, mai saye da mai sayarwa ba su daina bukata ba, wata kasuwar za su nema, mafi kusa kuwa tana iya zama ta tsallaken iyaka. In aka hana fetur a jarka a wannan gefe, farashinsa ya tashi, mai jarka ya san inda zai je. Ɗan fashi dama bai taɓa neman lamba ba, saboda haka nauyin dokar a kan mai kai tumatir kasuwa yake sauka.

A ƙarshen 2025 hare-haren suka tsallako cikin Jihar Kano, a ƙasar Tsanyawa da ta Shanono, maƙwabciyar Gwarzo ta arewa. Gwamnatin jiha ta sake tunatar da jama'a dokar nan ta 2013, har da wani sashe nata da ba a cika ambata ba, wanda ya ce mai sana'ar acaɓa a ƙananan hukumomin da aka yarda a yi ta, kamar Gwarzo da Kabo, sai ya yi rajista a wurin mai unguwarsa, da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, da ofishin 'yan sanda na yankin. Watau shekara 34 bayan soke haraji, doka ta koma neman mai unguwa ya buɗe littafi, wannan karon na masu babur. Littafin nasa yana ɗauke da sunan mutum da gidansu da sunan mahaifinsa, kundin Abuja kuma yana ɗauke da lambar inji da haruffa uku, na Katsina kuma yana can a hannun wata hukumar dabam, tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga kasuwar Gwarzo.